Munduwar da Aka Sayo a Agadas

An ce wai a wani gari da ke bakin hanyar fatake an yi wani madugu mai suna Tanimu, wanda ya ƙare rayuwarsa yana tara ƙarafan mutanen da. Duk inda ayarinsa ya sauka, sai ya bi gidaje yana neman tsofaffin tasoshin tagulla, da likkafun mayaƙan da aka manta sunayensu, da mundaye da zobban azurfa waɗanda hannuwa suka goge har zanensu ya dushe. Ya keɓe musu ɗaki guda, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da bai san labarin inda ya fito ba.

Da ya rasu, ya bar 'ya'ya maza biyu, Jatau da ƙaninsa Dantani. Gona da dabbobi suka rabu lafiya, amma da aka zo kan ɗakin ƙarafa sai magana ta tsaya. Dantani ya so a bar kayan yadda suke. Jatau ya rantse sai an kai su maƙera an narke, kowa ya ɗauki nasa. Dattawa suka yi iya yinsu, abu ya gagara, aka tafi gaban Alƙali Mudi.

Alƙali ya saurari kowa. Sannan ya tambayi Jatau abin da yake gani idan ya dubi kayan nan.

Jatau ya ce, “Allah ya gafarta malam, tagulla ce da azurfa. Ban ga komai bayan wannan ba.”

Alƙali ya sa aka kawo ma'auni aka auna kayan. Ya yanke cewa Dantani ya nemo sabuwar tagulla da sabuwar azurfa daidai nauyin rabon yayansa, a narke a ba shi, tsofaffin kuma su zauna. Dantani ya yarda nan take, ko da zai sayar da shanunsa. Jama'a suka yaba, suna cewa kowa ya sami abin da ya nema. Jatau kaɗai ne bai motsa ba. Ya ce bai yarda ba.

Alƙali ya sallami mutane, ya bar 'yan'uwan biyu. Ya ce wa Jatau, “Ɗana, narkakken ƙarfe ka nema, an ba ka. Tunda bai ishe ka ba, ashe ba ƙarfe ya kawo ka ba. A cikin kayan nan, wanne ne kake jin haushinsa?”

 Jatau ya miƙa hannu ya nuna wata munduwar azurfa mai kauri. Ya faɗa cewa lokacin da mahaifiyarsu take kwance ciwon ajali, labari ya zo wa mahaifinsu cewa wata tsohuwa a Agadas za ta sayar da wannan munduwa. Ya ɗaura sirdi ya tafi, yana cewa ba zai daɗe ba. Kafin ya dawo mahaifiyarsu ta rasu, an binne ta. Dantani yana goye a lokacin, bai san komai ba, amma shi Jatau yana tsaye a ƙofa sa'ad da mahaifinsu ya sauka, da munduwar a cikin jakarsa.

Dantani ya sunkuyar da kai, don bai taɓa jin wannan ba.

Alƙali ya ce, “Ba ni da ikon hukunta wanda yake kabari, kuma ba zan ce maka bai yi kuskure ba. Amma tasoshin nan da zobban nan ba su je Agadas ba. Munduwar ta shiga rabonka, kai kaɗai. Ka narke ta ko ka jefa ta rijiya, ba mai tambayarka. Sauran kuma hukuncin farko yana nan.”

Dantani ya buɗe baki zai roƙa, domin ita ce mafi daraja a ɗakin. Alƙali ya ɗaga masa hannu, sai Dantani ya ɗauki munduwar ya miƙa wa yayansa da hannu biyu.

Jatau ya wuce maƙera kai tsaye. Maƙeri ya zuga wuta har gawayi ya yi ja, ya miƙo hannu. Jatau ya tsaya yana jujjuya munduwar, yana jiran fushin da ya raka shi tun yana yaro, sai ya tarar babu wanda yake hana shi, babu kuma wanda zai ji zafin abin sai shi. Ya ba maƙerin haƙuri ya koma gida. Munduwar ta zauna a wurinsa har ya tsufa, kuma shi da kansa ya riƙa ba jikokinsa labarinta, bai rage komai ba.

Masu hankali suka ce, mai neman rushe ɗaki duka, sau da yawa abu guda ne a ciki yake yi masa ciwo. Alƙalin kirki shi ne wanda ya nemo abin nan guda, ya tsirar da sauran.