Mahaucin da 'yarsa ta daina cin namansa

Akwai wani mahauci da abokan sana'arsa ke kira Gaggawa, saboda ba ya jiran dabba ta tafi da ƙafarta. In saniya ta tirje, sai ya murɗe mata wutsiya, ya bi ta da gora. Turkensa a bayan mayanka babu inuwa, babu kwarmin ruwa. In an yi masa magana sai ya ce, "Wadda za a yanka gobe, ruwan me za ta sha?"

Wata rana babbar 'yarsa, wadda tela ce, ta biyo ta wajen aikinsa. Ta tarar yana jan wata saniya mai karyayyar ƙafa a kan siminti, sauran shanun suna kallon jinin 'yan'uwansu yana gangarawa kwata. Ta gaishe shi, ta juya.

Tun daga ranar, duk naman da ya aika gidanta sai ya dawo.

"Baba, ba nama na ƙi ba," in ji ta. "Na ga yadda naka yake zuwa tukunya, ba zan iya haɗiye shi ba."

Ya yi dariya ya ce da matarsa, "Ƙyale ta, kwaɗayi zai dawo da ita."

Bai dawo da ita ba. Ana nan ta samu juna biyu, likita ya ce jininta ya yi ƙasa, ta riƙa cin hanta. Uban ya zaɓi mafi kyau ya kai da kansa. Ta yi godiya, ta miƙa wa maƙwabciya.

Da safe yana wasa wuƙa, sai ya hango surukinsa, mijin 'yar, a layin wani mahauci, wanda ya sha yi wa ba'a don yana shayar da shanunsa. Surukin ya sunkuyar da kai. Mahauta suka fara ƙus-ƙus: jikan Gaggawa da naman wani za a raine shi.

Ranar bai ci abinci ba. A makon ya kafa rumfa a turke, ya sa kwarmin ruwa, ya gina katanga tsakanin turke da wurin yanka. Ya gaya wa dillalai kada a sake kawo masa dabbar da aka karya a mota.

"Gaggawa, otal ka buɗe wa shanu?" in ji abokansa.

Ya ci gaba da zuba wa shanun ruwa. Aiki ya ƙara masa tsawo, wasu masu saye suka gaji da jira suka koma wani teburin.

'Yar ba ta yarda da labari ba, sai da ta zo ta tsaya ta gani. Sannan ta ce, "Baba, yanko min hantar."

Darasi: Halascin nama bai halatta azabtar da dabba ba. Kafin ka saya, tambayi yadda aka riƙe ta tana da rai. Ku tura wa mahauta, makiyaya da duk mai ɗora tukunya.