Jan Tabo a Zanin Gadon Otal

Akwai wani mutum da ke riƙe da shagon wanki da guga a wani layi mai cunkoso, kowa Manaja yake ce masa. Ba malalaci ba ne, shi ke buɗe shago shi ke rufewa. Aibinsa ɗaya ne, amma ya ishe shi. Idan matsala ta taso, ba ya tambayar me ya jawo ta, sai dai wa ya jawo ta. Da zarar ya samu wanda zai ɗora wa laifi, hankalinsa ya kwanta, a ganinsa an gyara ke nan.

Shagon ba nasa ba ne. Na wansa ne da ya rasu ya bar mata da ƙananan yara, matar ta damƙa masa amana, da shi suke ci suke sha. Abin da ke riƙe da shagon kuwa wani otal ne da ke kawo zannuwan gado da tawul, farare ƙal. Ranar da otal ya janye, babu abin da zai rage sai 'yan rigunan maƙwabta.

Ana nan sai zannuwan suka fara fitowa da wani jan tabo, kamar an ɗiga musu shayi. Mai guga ne ya fara lura. Bawan Allah ya ɗauki ɗaya ya kai wa Manaja da kyakkyawar niyya.

"Ranka ya daɗe, duba wannan. Haka suke zuwa teburina."

"A hannunka na gani, kai za ka amsa. Ƙona su kake yi. Ɗauki jakarka ka ba ni wuri."

Mai guga ya tafi, tabo bai bi shi ba. Manaja ya ce to sabulu ne, ya je ya ci mutuncin mai sayar musu da sabulu, ya canza wani. Tabo yana nan. Ya koma kan direban da ke jigilar kayan, wai motarsa ce ke da datti. Kullum da wanda za a yi wa tsawa, amma ko sau ɗaya bai naɗe hannun riga ya tsaya bakin injin wanki ya ga abin da ke shiga ciki ba.

Masu wanki kuwa sun daɗe suna ganin abu. Duk safiya idan suka buɗe famfo, ruwan farko ja yake fitowa. Sai su bar shi ya ɗan zuba, su dubi juna, su ja bakinsu su yi gum. Ni ban ga laifinsu ba, kowa da iyalin da yake ciyarwa.

Da maganar ta kai kunnen matar wansa, ta zo shagon da kanta.

"Baffan yara, ka taɓa bin kayan nan tun daga shigowarsu har fitarsu, ka ga inda tabon ke kama su?"

"Yaya, ki bar mini aikina. Na san halin mutanen nan, mugunta ce kawai. Zan yi maganinsu."

Otal ya aiko da gargaɗin ƙarshe. Maimakon ya natsu, sai ya sa aka ninka maganin da ke sa kaya su yi fari. Tabon ya ƙara zama daram, wasu zannuwan ma suka ruɓe suka yage. Otal ya kwashe kayansa ya kai wani shago. Ba a daɗe ba ma'aikata suka watse, aka sa injuna a kasuwa.

Waɗanda suka sayi kayan suka hau rufi don sauko da tsohon tankin ƙarfen da ke ba shagon ruwa. Suna karkata shi, sai ga jan taɓo na tsatsa yana malalowa a jikin bango. Manaja ya tsaya yana kallo. Ɗaya daga cikin masu wanki, da ya zo ɗaukar tsofaffin takalmansa na roba, yana tsaye a gefe.

"Ai kullum da safe muna ganin jan ruwa," in ji shi.

"Me ya hana ku faɗa mini?"

"Mai guga ya faɗa maka, ranka ya daɗe."

Matar wansa ta karɓi makullan shagon, ba ta ɗaga murya ba, da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

"Yara suna ta tambayata ko gyara ake yi wa shagon babansu," ta ce. "Ka zo gida ka faɗa musu da bakinka. Ni na kasa."

Darasin da ke cikin wannan labari a bayyane yake. Idan matsala ta kunno kai a wurin aiki, a fara neman tushenta kafin a nemi mai laifi. A bi aikin daki-daki, a duba da ido, a saurari waɗanda hannunsu ke cikinsa. Shugaban da ke hukunta wanda ya kawo masa labarin ɓaraka, ya koya wa sauran yin shiru ke nan, kuma shi zai zama na ƙarshen sanin abin da ke cin wurin, lokacin da sanin ba zai amfani kowa ba.