Muryar Tabawa a Bakin Gwani

Ku gyara zama, ga wata magana na kawo muku, kuma ba na son kowa ya tsoma baki sai na kai ƙarshenta.

A Tudun Kanya an yi wani tsohon tela, Malam Mijinyawa, mai 'ya'ya uku. Tasalla ce babba, sai Azumi, sai Tanko auta. Duk sun yi aure, kowa da gidansa a cikin garin. Da matarsa Tabawa ta rasu, ta bar masa wani aku mai jan bindi da ake kira Gwani. Kada wani ya taɓe baki ya ce ai tsuntsu ne. Gwani ya daɗe a ƙofar ɗakin Tabawa har ya kwashe muryarta tsaf. Da hantsi zai ce, "Malam, kunun zai huce." In kaji suka shigo ya ce, "Kai, wa ya bar ƙofa a buɗe?" Yana kiran Azumi da sunanta, yana kiran Tanko, amma Tasalla sai dai ya ce, "Ke yarinyar nan," domin Tabawa ba ta taɓa kama sunan 'yar farinta ba. Malam yakan amsa masa kamar yadda ya saba amsa wa mai muryar, ya sha kununsa, ya koma kan kekensa hankali kwance.

Wata rana Gwani ya wuni bai taɓa gyaɗarsa ba. Kashegari ya ware, kowa ya manta, ban da Tasalla. Ranar kasuwa ta tsallaka rafi ta shiga birni, tana tafe tana tambaya, har ta sami likitan dabbobi wanda ya san kan tsuntsaye. Ta karɓi lambarsa, ta dawo ta sa wa kowa a wayarsa. Ta sa kafinta ya ƙera ɗan akwati mai ƙofofin iska, ta shimfiɗa tsohon zanen Tabawa a ciki, ta riƙa zuba gyaɗa tana lallashin Gwani har ya saba shiga da ƙafarsa. Abin da likita ya gaya mata kuma ta yi ta nanata wa ƙannenta: in numfashi ya gagari tsuntsu a fitar da shi iska, a lulluɓe shi, kada a ɗura masa komai a baki, a kawo shi maza.

"Yaya, saura katifa da fanka," in ji Tanko.

"Yi dariyarka, auta. Ka dai riƙe lambar."

Malam kansa ya ga abin ya yi yawa.

Ran nan wata Juma'a a tsakiyar damina aka tashi da ruwa. Tasalla ba ta gari, ta tafi biki. Saboda feshi Malam ya shigar da kejin Gwani ɗaki, ya ja taga. Sai ya tuna yadda Tabawa take turara masa babbar rigarsa kowace Juma'a, ya ce yau shi ma bari ya gwada. A ɗakin nan ya zuba garwashi a kasko, ya ɗibi turaren wuta da hannun wanda bai saba ba, ya kifa kabbasa, wato kwandon nan da ake shanya kaya a kai, ya ɗora riga. Ya ja ƙofa ya rufe don kada ƙamshi ya tsere, ya tafi zaure yana jin rediyo, yana ta yaba wa kansa.

Ruwa na tsagaitawa sai ga Azumi da kwanon dambu. Ta gaida mahaifinta, ta shige, sai ya ji takunta ya tsaya cak a tsakar gida.

"Baba, ina Gwani? Ban ji ya kira ni ba."

Kafin Malam ya laluba takalmansa ta banke ƙofar. Hayaƙi ya yo waje kamar an kunna wa bola wuta. Gwani na ƙasan keji, fukafukai a baje, baki a buɗe, ƙirjinsa na sama da ƙasa. Ta sungumo kejin zuwa rumfa, ta ciro Gwani a hankali, ta naɗe shi da mayafinta ta bar kan a waje.

Salatin Malam ya tara maƙwabta. Nan fa mutanen da ko kaza ba su taɓa jinya ba duk suka zama likitoci. Wannan ya ce a sheƙa masa ruwan randa, wancan ya ce madara. Goggo Ladi, tsohuwar maƙwabciyarsu, ta kutso da ludayi cike da manja.

"Buɗe min bakinsa. Ba dafin da manja ba ya karyawa."

"Goggo, ki yi min aikin gafara, ko ɗigo ba zai shiga ba. Da ƙyar yake jan iska, shaƙe shi zai yi."

"Iye! Ni da na yi wa uwarki wankan jegonki, yau ke za ki koya min?"

"Na sani, Goggo. Gobe zan kawo kaina ki dake ni. Yau dai a'a."

Malam, da tsoro ya gama ruɗa shi, ya karɓi ludayin da kansa ya matso. Azumi, wadda tun tasowarta ba ta taɓa musa wa mahaifinta ba, ta juya masa baya da tsuntsun a ƙirjinta. Haka ta tsaya har ya sauke hannu. Da ɗaya hannun ta kira likita. Ya ce yana shirin fita masallaci, amma zai bar ƙofa a buɗe ya jira, su hanzarta.

Aka ɗauko akwatin Tasalla. Gwani na jin zanen da ya sani ya lafe. Tanko ya iso da babur, Malam ya hau baya rungume da akwati. Suna isa bakin rafi suka tarar ruwa ya shanye kwalbati, motoci sun yi layi, direbobi na zaune suna jiran ya janye. Tanko bai tsaya shawara ba. Ya jingine babur, ya naɗe wando, ya ɗora akwatin a ka, ya bi gaɓa zuwa wani mashigi mai dutse a ƙasa, inda ya san kowane taku tun yana yaro. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Malam na tsaye a gaɓa, sai ya ga ɗansa ya yi tangaɗi.

"Auta, dawo! Na yafe akun!"

"Baba, in na dawo wa zai riƙa ce maka kunu zai huce?"

Ya haye. Ruwa ya tafi da takalmansa da hularsa, amma ko ɗigo bai taɓa akwatin ba, tsuntsun kuma bai yi fizge-fizgen da zai kayar da shi ba. Da ƙafa ya ƙarasa birni, a guje. Likita ya sa Gwani cikin wani akwatin gilashi ya sakar masa iskar numfashi, ya ce da an ƙara jinkiri, ko da an ɗura masa wani abu a hanya, da sai dai haƙuri.

Bayan 'yan kwanaki aka dawo da shi. Yana ci, yana sha, amma ba ya magana. Malam ya shiga damuwa, yana ganin da hannunsa ya rufe bakin Tabawa karo na biyu. Ran nan duk 'ya'yan suna zaune a rumfa, Goggo Ladi ma ta huce ta shigo da gyaɗa a leda, sai wata kaza ta faɗo tsakar gida. Gwani ya karkata kai, ya ce da 'yar dasasshiyar murya, "Kai, wa ya bar ƙofa a buɗe?"

"Haba Inna," in ji Azumi, "ai da an bar ta a buɗe da ba mu sha wannan wahala ba."

Aka yi ta dariya har da masu share hawaye.

Da dariya ta lafa Malam ya yi gyaran murya. Ya ce idonsa ya yi rauni, mantuwa ta fara kama shi, ba zai sake sa ran Gwani a hannun tsufansa ba. Zai ba da shi kyauta ga ɗaya daga cikinsu tun yana raye, don kada a yi jayayya a bayansa, shi kuma kullum da hantsi zai taka zuwa gidan ya sha kununsa a can. Ba wanda ya ce ya bar wa ɗan'uwansa, domin kowa na son ya farka da muryar uwarsa a gidansa.

Malam ya dubi Tasalla. Ba ta nan ranar, ko hayaƙin ba ta shaƙa ba, amma ba don ita ba da ba likita, ba akwati, ba wanda ya san abin yi, kuma ta yi aikinta ne ana yi mata dariya. Ya dubi Azumi. Kunnenta ne ya ji shirun da shi mai gidan bai ji ba, kuma sanin abin yi daban, tsayawa a kansa a gaban uba da tsohuwa daban. Ya dubi Tanko, wanda ya fi kowa tsokana, amma shi ya sa ransa a ruwa, kuma da bai haye ba da duk tanadi da tsayuwar nan sun ƙare a bakin rafi. Duk wanda ya duba, sai ya ga shi ya cancanta. Gwani na ta ɓare gyaɗarsa, ba ruwansa.

Ni dai ba na yarda a danne wa kowa haƙƙinsa, kuma ba na karɓar amsar da ba hujja. To, Tasalla, Azumi da Tanko, gidan wa ya cancanci muryar Tabawa ta kwana?