Sarkin da Ya Tsaya Jiran Godiya

An ce wani sarki na can gabas mai nisa, inda babban kogi ya raba mutanen Tai da na Lawo, ya ji labarin wani ɗakin ibada na mabiya Buda a ƙauye. A yawona na ji wannan hikaya. Sunan sarkin ya kuɓuce mini, kamar yadda abubuwa da yawa ke kuɓuce mini yanzu, amma maganar tana nan.

Ɗakin a gaɓar sarki yake, sai dai mutanen ƙetare ma nan suke ibada. Rufinsa ya sunkuyo ƙasa irin ginin Lawo, ƙofarsa kuwa ta sha zanen zinariya irin na Tai. Fadawa suka ce, "Ya sarki, baƙi sun gurɓata mana gado." Sarki ya ƙudura hana 'yan ƙetare hayowa, amma ya ce sai ya gani da idonsa tukuna.

Ya isa da sassafe, ya tarar da shugaban wurin, wani tsoho mai suna Kamdi, yana tafe ba takalmi, da mayafi ruwan ɗorawa, rungume da kwanon karɓar sadaka. Jama'a na durƙushe a bakin hanya. Mutanen gari na zuba shinkafa da ludayi, 'yan ƙetare na ɗebo mai danƙo daga 'yan kwandunansu, suna dunƙulawa su jefa. Sarki ya zuba abincin fada mafi daɗi. Kamdi ya rufe kwano, ya wuce, ko uffan.

Gaba kaɗan, wata tsohuwa 'yar ƙetare, Buwapan, ta jefa loma guda, ta haɗa tafin hannuwanta ta ce, "Na gode, Baba."

Sarki ya ji haushi, ya bi Kamdi har inuwar ɗakin. Ya ce, "Ya kai dattijo, na ba ka, ba ka gode ba. Ita kuma ta ba ka, ta gode maka. Wane ne ya ciyar da wani?"

Kamdi ya ce, "Ya sarki, a nan mai bayarwa ke godiya."

"A kan me?"

"A kan ya sami kwano a buɗe. Cikina ƙarami ne, ko ba ita zai cika. Amma ita, tun asuba ta tuƙo kwalekwale don ta yi alheri ɗaya kafin rana ta yi zafi. Na ji abin da ya kawo ka. In ka rufe kogin, ni ba ka rage ni da komai ba. Ita ce za ta tashi gobe da shinkafa a hannu, babu inda za ta sa."

Sarki ya juya ga fadawansa. Daga nan ya ce a bar kogin yadda yake.

Buwapan ta matso da farin zare, irin wanda mutanenta ke ɗaura wa baƙo don fatan lafiya. Ta ce, "Miƙo hannu, ranka ya daɗe. Ba cizo zan yi ba, haƙoran sun ƙare."

Sarki ya yi dariya, ya miƙa. Da ta gama ɗaurawa, sai ya juya ga Kamdi, ya haɗa tafin hannuwansa yadda ya ga ta yi, ya ce, "Na gode, Baba."

Ni ma na gode wa wanda ya ba ni labarin, ko da fuskarsa ta ɓace mini. Daga gare shi na koyi cewa sarki adali ba dukiyar talaka kaɗai yake tsarewa ba, har da hanyar da talaka ke bi ya yi alheri.