Auta da Dutse na Bakwai

An yi wata 'yar gada mai suna Auta, wadda tsoro ya yi wa katutu. Ko ganye ne ya faɗo a bayanta sai ta zabura. Gidansu yana hayin kogi, amma kullum da safe takan ƙetaro don ɗaukar karatu wurin Malam Kunkuru, wani tsoho mai haƙuri da ba ya gaggawa ko a magana.

Abokin karatunta shi ne Jatau, wani jan biri mai ji da kansa. Shi ma daga hayin yake ƙetarowa. A ganinsa babu abin da bai sani ba, har wanda ba a kai ga koya masa ba.

Mahayar kogin duwatsu ne goma a jere. Saboda haka Malam Kunkuru ya ja dogon layi a kan yashi, ya ɗiga masa lambobi daga sifili zuwa goma.

"Gaɓar kogi ita ce sifili," in ji shi. "In kun yi gaba, kun ƙara. In kun koma baya, kun rage. Amma ku buɗe kunne: inda kuke tsaye ba a ƙirga shi. Sai ƙafa ta tashi ta dira, sannan a ce ɗaya."

Jatau ya yi wata doguwar hamma. "Haba tsoho! Ni da aka haifa a kan reshe za a koya wa ƙirgen tsalle?"

Ita kuwa Auta kullum tana kan layin nan, gaba da baya, tana ƙirgawa a hankali. Jatau yana kan bishiya yana jifanta da ƙwallon kanya, yana yi mata dariya.

Rannan da la'asar hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Malam ya sallame su da wuri, amma ashe an riga an tafka ruwa can sama, kogi ya taho jajir yana ruri. Suna kaiwa dutse na uku, wani falalen dutse mai faɗi, sai suka ji muryar Malam daga kan tudu. Auta ba ta taɓa jin ya ɗaga murya haka ba.

"Ku tsaya! Ruwa ya tafi da dutse na bakwai! Abin da ke kwance a wurinsa bayan kada ne!"

Auta ta waiwaya don ta koma, sai ta ga kogi ya riga ya shanye dutse na ɗaya da na biyu. Ta duba gaba, duk abin da ke jere baƙi ne, laka ta shafe shi, ba ka bambance dutse da kada. Can a hayi ta hango uwarta tana kai da kawowa, tana kiran sunanta.

"Kuna kan na uku," Malam ya ce da ƙarfi. "Ku kai na shida, daga nan ku yi dogon tsalle ku ƙetare na bakwai, ku dira a na takwas. Daga uku zuwa shida tsalle nawa ne?"

"Uku!" in ji Jatau. "Wannan ai ko jariri ya sani. Ke matsoraciya, matsa ki ga yadda manya ke yi."

Ya daki dutsen da yake tsaye a kai da tafin hannu, ya ce, "Ɗaya!" Ya yi tsalle. "Biyu!" Ya sake. "Uku!"

Auta ta ƙwalla ihu. "Jatau, tsaya! A kan na biyar kake!"

"Ke za ki koya mini lissafi?" ya ce, ko waiwayowa bai yi ba.

Ya tattara ƙarfinsa, ya tashi sama, ya tsallake dutse na shida mai lafiya ƙalau, ya dira daram a kan na gabansa. Har ya ɗaga hannu zai yi wa kansa kirari, sai dutsen ya buɗe ido.

Ihun da Jatau ya yi har tsuntsayen hayi sai da suka tashi. Ya daka tsalle, kada ya kai cafka, ya damƙe wutsiya. Da ƙyar Jatau ya fizge ya faɗa kan na takwas, ya bar rabin wutsiyarsa a bakin kada. Kada ya nutse da abin da ya samu, ya bi ruwa ya yi ƙasa.

Sai ruwan sama ya kece kamar da bakin ƙwarya. Auta ta rage ita kaɗai a tsakiyar kogi, ruwa ya fara lasar kofatanta. Tsoro ya kama ta har ta kasa kuka.

"'Yata, kin san layin nan," Malam ya ce. "Shi ne dai na kan yashi. Tafi kafin ya dawo!"

"Inda nake tsaye ba a ƙirga shi," ta faɗa wa kanta. Ta tashi, ta dira. "Ɗaya." Ta sake. "Biyu." Ta sake. "Uku. Ina kan shida."

A gabanta babu komai sai jan ruwa yana juyi. Ta dubi nisan na takwas, ta dubi 'yan ƙafafunta, ta san daga tsaye ba za ta kai ba. Can ƙasa kuma ga idanu biyu sun ɓullo a kan ruwa, suna tahowa a hankali.

"Wayyo Malam, ba zan iya ba! Ga shi nan ya dawo!"

"Koma baya biyu, ki ɗauko gudu!"

Ta juya, ta dira a na biyar, ta dira a na huɗu. Shida a cire biyu, saura huɗu. Ruwa yana dukan idanunta, ba ta ganin komai sosai, sai ƙirgen da ke bakinta. In ta tashi da wuri za ta faɗa ruwa, in ta ƙara taki ɗaya ma haka.

Ta sheƙo. "Ɗaya! Biyu!" Sai ta tashi sama da iyakar ƙarfinta.

Ta dira a kan na takwas, ƙafafun bayanta suna cikin ruwa. Tana janye su ta ji haƙora sun haɗu a bayanta, ƙas! Ba ta waiwaya ba. Tara, goma, sai ga ta a jikin uwarta, sannan kukan ya zo.

Jatau yana zaune a gaɓa, ya riƙe guntun wutsiyarsa da hannu biyu, yana sheshsheka.

"Ai uku na ƙirga," yake ta faɗi. "Kowa ya ji, uku na ƙirga!"

Auta ta share hawaye, ta dube shi cikin tausayi. "Uku ka ƙirga, Jatau, amma sau biyu ka yi tsalle."

Darasin wannan labari shi ne, yara, in kuna ƙari ko ragi a kan layin lamba, kada ku ƙirga inda kuke tsaye, tsallen da kuka yi shi ake ƙirgawa. Kuma kada girman kai ya sa ku raina abin da ake koya muku don kun ga ƙarami ne. Kuskuren lamba ɗaya tak ya raba Jatau da wutsiyarsa.