Ranar da Rijiya Ta Rufta da Zakka

Ku gyara zama, ƙannena da 'ya'yana, ku ajiye wayoyin nan. Magana na kawo muku, kuma ba zan tashi daga gindin mangwaron nan ba sai kun yanke mata hukunci. Na zaɓe ku ne domin daga wasu ikkilisiyoyi kuka zo, ba ku da dangi a cikin zancen. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, ban taɓa ba yaro maki a kan aikin wani ba, ban kuma taɓa hana mai aiki makinsa ba. Abin da aka yi a ikkilisiyarmu ta Tudun Gawo ya saɓa wa wannan, shi ya sa kuka ga raina a ɓace.

Ba mu da ruwa a Tudun Gawo. Matanmu sukan yi tafiyar mil biyu zuwa rafi, da rani kuma sai sun tona yashi sun zauna jiran ya tsatso. Saboda haka aka yi shawarar haƙa rijiya a bayan majami'a, aka naɗa Dattijo Filibus shugaban aikin, aka ba Zakka haƙa, domin sana'arsa ce tun yana saurayi. Matarsa Asabe ce ke tsayawa a sama tana jawo masa ƙasa da igiya.

Kafin makon Ista, Zakka ya kai zurfin gaba tara, ƙasa ta fara danshi. Amma ya faɗa wa Dattijo Filibus, a gaban shaidu, cewa wajen gaba na shida akwai yashi mai zubowa, sai an sa zoben siminti kafin ya ci gaba. Dattijo ya ce zobe sai bayan Ista. Dalilinsa shi ne, ranar Litinin ikkilisiyoyi biyar za su zo mana fita Galili, ranar da muke hawa dutse da waƙa da abinci muna tunawa da yadda Ubangiji ya sadu da mabiyansa bayan ya tashi, kuma Dattijo yana so baƙi su sha ruwan rijiyarmu su yaba. Shi da bakinsa ya ce wa Zakka ya shiga ko da ranar Jumma'a Mai Kyau ce. Ku riƙe wannan da kyau.

Ranar Jumma'a muna cikin sujadar tunawa da gicciye, ƙarfe ɗaya da minti ashirin, na duba agogona, sai Asabe ta faɗo cikin majami'a ba ɗankwali tana ihu: rijiya ta rufta da Zakka. Muka fita gaba ɗaya. Muka leƙa, ba a ganin komai a ƙasa sai yashi, da igiya ta nutse a cikinsa.

Dattijo Filibus ya leƙa sau ɗaya, ya cire hularsa, ya ce, "Nufin Allah ne, 'yan'uwa. Wa zai ja da ikon Allah? Tun kakanninmu, rijiyar da ta ci mutum ita ce kabarinsa. Kada mu yi gawa biyu. A kawo shebur a cike ta, Fasto ya yi addu'a, mu koma mu ƙarasa sujada." Wani daga baya har ya ƙara da cewa mai aiki a rana mai tsarki irin wannan shi ya jawo wa kansa. Wanda ya aike shi kuwa yana tsaye yana ji. Fastonmu yaro ne, watansa uku da zuwa, bai iya musu da furfura ba tukuna. Ni ma ina wurin, ban hana ba. Ban wanke kaina ba. Aka kawo shebur huɗu.

To, ga mutum na farko. Mama Liyatu tsohuwa ce, gwauruwa, ta binne 'ya'ya huɗu da miji. In akwai wanda ya san nufin Allah da ɗacinsa a garinmu, ita ce. Ta ratsa maza da sandarta, ta hau tsibin ƙasar da za a mayar, ta zauna daram. Ta ce, "Filibus, na girme ka da shekara tara. Ranar da Allah ya ɗauki nawa, na ga gawarsu da idona kafin na ce nufinsa ne. Kai me ka gani? In cikewa za ku yi, ku fara da ni." Aka ce ta sauka, ta ƙi. Ta tsawata wa mata masu kuka suka yi tsit, ta miƙa hannu ta kama igiyar da ta nutse, ta riƙe ta sako-sako kamar mai fatsa. Muka tsaya muna kallon tsohuwa. Can sai ta ce, "Tana motsi." Aka ce hannunta ne ke rawa. Ta damƙa wa Fasto igiyar, shi ma ya ji an ja sau biyu. Da Mama Liyatu ba ta zauna a kan ƙasar nan ba, da shebur huɗu sun gama da Zakka yana da rai, da kuma mun rera masa waƙa mun koma benci muna jin mun yi biyayya ga Allah.

Ga mutum na biyu. Sanin cewa yana da rai bai fito da shi ba, sai wani ya sauka, bango kuwa yana ta zubo da yashi. Mutum ɗaya ne ya rage a garin da ya san cikin rijiya, shi ne Barnaba. Wurin maigida ɗaya suka koyi haƙa da Zakka, amma wata goma sha ɗaya ba sa ga maciji. Zakka ne ya kai ƙararsa gaban dattawa cewa ya gan shi yana shan burkutu ranar kasuwa, aka sa shi ƙarƙashin horo: bencin baya shi kaɗai, ba cin gurasa da shan ƙoƙon Jibin Ubangiji, ba riƙe wani aiki. Barnaba ya tuɓe rigarsa ya fara ɗaura igiya a ƙugu. Kun san abin da Dattijo Filibus ya ce? Ya ce, "Rijiyar nan aikin ikkilisiya ce, wanda ke ƙarƙashin horo ba ya sa hannu a aikin ikkilisiya." Da kunnena na ji, mutum yana shaƙewa a ƙasa! Barnaba bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "Baba, gurasa da ƙoƙo kuka hana ni, ba ku hana ni igiya ba." Ya sa aka ɓalle ƙyauren ɗakin ajiya da benci biyu, ya sauka da su ya tokare bango. Awa ɗaya da rabi yana kwasar yashi da kwanon sarki, wani lokaci da tafin hannu, muna jawowa. Sau biyu yashi ya rufe shi har ƙirji, aka ce ya fito, ya ƙi. Ya tarar da Zakka a durƙushe, kansa a ƙarƙashin bokiti da katakon da yake tsayawa a kai, wanda ya karkace ya tare masa yashi, yana nishi. Ya kwance igiyar ƙugunsa ya ɗaura masa, ya ce a ja. Shi ya zauna a ƙasa ba igiya har aka mayar masa da ita daga baya, domin mutumin da ya kunyata shi ya riga shi ganin rana. Mun yini muna jin wa'azin wanda ya mutu domin masu laifi a kansa, amma mutum ɗaya ne ya aikata wa'azin, shi ne wanda muka ajiye a bencin baya.

Ga mutum na uku. Ana cikin jan Zakka, yashi ya sake zubowa a fuskarsa. Da ya iso sama, jikinsa ya saki, ba numfashi. Aka shimfiɗe shi, wani ya taɓa ƙirjinsa ya girgiza kai, aka lulluɓe shi da zane. Asabe ta zube. Mawaƙa suka ɗauki waƙar jana'iza, Dattijo kuma ya ce, "Kun gani? Abin da Allah ya rubuta ba ya gogewa." Sai Damaris ta taso. Ungozoma ce, ta yi shekara ashirin da shida a ƙaramin asibitin mishan kafin ta ajiye aiki. A wurinmu mace ba ta taɓa gawar namiji, maza ke wanka da suturta nasu. Aka tare ta, ta ture hannun mai tare ta, ta yaye zanen. Ta ce, "Rabinku a hannuna kuka faɗo duniya, wasunku shiru kuka zo kamar wannan. Da na lulluɓe ku, da wa zai yi mini waƙa yau? Ku ba ni wuri!" Ta juya shi, ta sa yatsa ta kwashe yashi daga bakinsa da hancinsa, ta haɗa bakinta da nasa ta hura, ta danna ƙirji tana ƙirgawa, ta sake hurawa. Mijinta yana tsaye, surukanta suna tsaye, ana ta gunaguni cewa ta zubar da mutuncin gidanta a kan gawa. Ba ta daina ba har gwiwoyinta suka kwailaye. Sai Zakka ya yi tari, ya amayar da laka, ya buɗe ido. Kowace Lahadi muna furta cewa mun gaskata da tashin matattu, amma da aka zo gwaji, saurin lulluɓewa muka yi. Da Damaris ta ji kunya, da wahalar Mama Liyatu da ta Barnaba gawa kawai suka fito mana da ita.

Yanzu ku ji abin da ya fi ƙona mini rai. Ranar Lahadin Ista, Dattijo Filibus ne ya tashi ba da shaida. Ya ce Allah ne kaɗai ya yi, kada ɗan Adam ya ɗauki ɗaukaka, saboda haka ba za a ambaci sunan kowa ba. Aka yi tafi. Barnaba yana bencin baya da hannuwa a naɗe da tsumma, tiren Jibi ya wuce shi.

Allah ne ya yi, na yarda, ban taɓa musu ba. Shi ya karkata katakon nan, shi ya ajiye mutane ukun nan a garinmu. Amma bakin da ya ce a cike rijiya da sunan ikon Allah ba shi ne zai ɓoye sunayen mutane da sunan ikon Allah ba. Gicciyen Ubangijinmu shirin Allah ne tun fil'azal, duk da haka waɗanda suka buga ƙusa ba su fita da hannu mai tsabta ba, kuma mutumin da ya taya shi ɗaukar gicciye ba a ɓoye sunansa ba. Matan da suka yi sammako zuwa kabari sun san akwai dutsen da ya fi ƙarfinsu, amma ba su zauna a gida suna cewa nufin Allah ne ba, tafiya suka yi. Ikon Allah dalili ne na miƙewa, domin wanda ya san Allah na riƙe da ƙarshen magana ba ya tsoron gwadawa. Wanda ya mai da shi bargon rufe sakacinsa kuwa, ya ɗauki sunan Allah a banza.

Bayan wata biyu Zakka ya warke, aka sa zoben da ya nema tun farko, ya ƙarasa rijiya, ruwa ya fito garau. A al'adarmu, ranar keɓe sabuwar rijiya mutum ɗaya ake ba gugan farko, ya ɗebo ya sha ya ba jama'a, kuma da sunansa ake kiran rijiyar har jikoki. Da takardar tsarin biki ta fito, sunan wa kuke tsammani na gani? Dattijo Filibus.

Na rubuta wa majalisar dattawa wasiƙa uku. Ta farko ba su amsa ba. Ta biyu suka ce in yi haƙuri irin na Kirista. A ta uku na rubuta musu ranar, da lokacin, da maganar kowa kalma-kalma, da sunayen shaidu goma sha biyu, na ce zan karanta ta a taron gunduma. Sai ga amsa: an cire sunan Dattijo, an kuma ɗage wa Barnaba horo. Amma suka ce guga ɗaya ne, suna ɗaya ne, tunda ni na tayar da magana in kawo musu sunan.

Na je wurin Zakka, ya ce in ya zaɓi ɗaya, da wane ido zai dubi biyu? Zumuntar Mata ta rabu, rabi na bayan Mama Liyatu, rabi na bayan Damaris. Matasa sun ce Barnaba kaɗai ya sa ransa. Masu ja da su suka ce Barnaba sana'arsa ya yi, Damaris ma sana'arta ta yi, tsohuwa ce ba ta da komai sai bangaskiya da sanda. Wasu suka ce tsohuwa zama kawai ta yi, Barnaba kuma gawa ya fito da ita, rai a bakin Damaris ya dawo. Mako uku ke nan rijiya tana rufe da murfi, ruwa yana ciki, matanmu suna tafiya rafi, ranar Asabar kuma majalisa take jiran amsata.

Ɗaya ta hana a binne shi da rai. Ɗaya ya sauka ya ba shi igiyar ƙugunsa. Ɗaya ta yaye zane ta hura masa numfashi. To, ku gaya mini, kuma kowa ya kawo hujjarsa: tsakanin Mama Liyatu da Barnaba da Damaris, hannun wa ya fi cancanta a damƙa wa gugan farko?