Dabarar Kwana Uku

Akwai wata likitar yara a Gwammaja, Dakta Sa'adiyya, da ta shekara goma tana yaƙi da shawarar jarirai, ciwon nan da ke mai da jariri rawaya, in aka yi sake ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Ta san mutanenta. Mai jego ba ta fita da jariri kafin suna, ɗakinta kuma duhu ne. Sai ta koya wa ungozomomin cikin gari dabara ɗaya: ranar kwana uku a fito da jariri tsakar gida, a danna hancinsa, a duba idonsa a hasken rana. In an ga rawaya, a aiko mata. Shugabarsu wata tsohuwa ce, Iya Hajo.

Da soja suka koma bariki a 1999, sabuwar gwamnati ta nemi tsarin duba jarirai. Dakta ta rubuta nata. Tajuddeen, ƙaramin likitan da ita ta koya masa har riƙon jariri, ya ce, "Hajiya, ki huta, ni zan kai miki."

A rediyo ta ji an naɗa shi shugaban shirin. Sunanta ko a gindin takarda babu. Ranar ta kasa cin abinci.

Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. Sai ya sallami ungozomomin gaba ɗaya.

"Zamanin jahilci ya wuce," in ji shi. "Mai son gwaji ta kawo ɗanta asibiti."

Ku ji fa! Wace kaka ce a Kano za ta bari a fita da ɗan kwana uku? Bencinan asibiti suka yi ta shan ƙura. Binta, maƙwabciyar Dakta, sai bayan suna ta kawo nata, ya riga ya sanƙare. Ya rayu, amma ba ya ji, wuyansa kuma bai tsaya ba. Dakta ta yi kuka kamar ita ta haife shi.

Ba a rufa shekara ba, matar Tajuddeen ta yi haihuwar fari, aka kai ta wanka gidan iyayenta a Shahuci. Ranar kwana uku sai ga Iya Hajo, ba wanda ya kira ta. Ta ɗauko jaririn ta fito da shi rana, ta danna hancinsa, sai ga rawaya.

"Ku kira Dakta yanzu!"

Dakta ta zo, ta wuce da yaron asibiti, ya tsira.

Tajuddeen ya same ta, ya durƙusa. "Hajiya, ki yafe mini."

"Nawa na yafe," ta ce. "Ɗanka ya tsira ne saboda Iya Hajo ta ƙi bin dokarka. Tashi mu je gidan Binta, ka maimaita a gabanta."

Darasi: Wanda ya ci amanar mai ilimi, takarda kawai ya ɗauke, sanin yana wurin mai shi, kuma bayin Allah ne ke shan wahalar. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman gidan da aka yi haihuwa.